Gwangwanin Etelka

Duk Laraba, bayan taragon ƙarfe shida ya wuce,
mukan hau benen ɗakin karatu na Debrecen,
mu bakwai, ko shida in gwiwar Dezső ta motsa.
Makulli da littafin sunaye suna hannuna.
Kálmán ke da madubin ƙara girma,
da farar safar hannu, da harshe mai kaifin aska.
Kuɗin da ba sa sayen komai muke tarawa,
iyalanmu sun gaji, sun daina tambaya.

Ranar da nake faɗi, ruwa ake tun asuba.
Wata tsohuwa ta turo ƙofa da kafaɗa,
gwangwanin biskit rungume a ƙirji.
Etelka sunanta. Wata biyu ke nan da binne Ödön.
Ta zo ne a faɗa mata nawa wannan zai yi.

Kálmán ya shimfiɗa koren ƙyalle, ya zazzage.
Takardun pengő suka fara zubowa,
na shekarar da kuɗi suka haukace,
sifili na bin sifili kamar jerin tururuwa.
Ta ce tana yarinya uwarta ta fita da irinsu cike da jaka,
ta dawo da ƙwai biyu.
Kálmán ya ce, Baiwar Allah, yau ma ƙwai biyun ne,
shi ma in mai ƙwan yana da mutunci.
Ba ta yi dariya ba. Muka haɗiye tamu.

Can ƙasan gwangwani sai ga 'yan fillér bibbiyu
masu huji a tsakiya, ba nauyi, kamar ɓawon kabewa.
Ya ɗaga ɗaya, ya ja tsaki:
An cuci waɗannan. Wani ya matse su da ƙarfe,
dubi zoben da ya ci musu fuska.
Ko kyauta ba mai karɓa.

Ta miƙa hannu ta amshe abinta.
Wosha ce, in ji ta.
Ödön bai taɓa kai kuɗinsa shago don wosha ba.
Tun da ya tafi komai na gidan ke girgiɗi,
na kira kafinta, duk notin da ya kwance
sai ya tarar da ɗaya a ƙarƙashi.
Wannan daga ƙafar teburin cin abinci,
wannan daga gadon jariri da ke ɗakin ajiya,
wannan kuma keken Piroska ne, ga tsatsar nan.

Dezső, da ba ya magana sai an taɓo shekara,
ya jawo su gabansa da ɗan yatsa.
Na tebur, hamsin da bakwai.
Ta ce, A shekarar muka yi aure.
Na gadon jariri, sittin da uku.
Ta yi shiru.
Na keke, saba'in da ɗaya,
sai ta ƙirga da yatsu, takwas,
ta ce, Jan keke ne, ta yi kuka da ta faɗi a kai.

Ruwa na dukan taga. Ba wanda ya taɓa shayinsa.
Shekara sittin da ɗoriya tana cin abinci a kan tebur ɗin,
ba ta san mutumin yana zaɓe ba.

Kálmán ya zare safar hannu, abin da ban taɓa gani ba,
ya ɗora mata madubin a tafi,
ya nuna mata yadda ake kawo shi kusa da ido.
Ta daɗe tana duban hamsin da bakwai.

Dezső ya ce, Sauran kayan gidan fa?
Ta ce, Akwai gadonmu, noti takwas gare shi.
Bai yi girgiɗi ba tukuna. A bar shi.

Na buɗe littafi na rubuta ta, ta takwas.
Kuɗin shiga ta biya da forint mai rai,
ta ƙirga canjinta sau biyu.
Yanzu duk Laraba ita ke riga ni zuwa,
in same ta a matakala, gwangwani a cinya,
tana mitar na makara da makulli.